Idan Ƙafa Ɗaya Ta Kumbura: Bayani Kan Gudan Jini Da Ciwon Jijiyoyin Ƙafa

'Yan'uwa mazauna Agoe-Zongo da kewaye, da waɗanda suka sauka kwanan nan daga arewa. Bayanin lafiya na wannan fitowar ya shafi wata cuta da yawancinmu ba mu san sunanta ba, ga shi kuwa irin tafiyar da muka yi da irin zaman da muke yi suna jawo ta. Mun tattara bayanin daga ma'aikatan lafiya da muke yi wa tafinta. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi, musamman mata masu ciki, masu jego, tsofaffi da direbobi.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen

Kwanakin baya mun raka wata baiwar Allah asibiti. Da izininta muke ba da labarin, kuma ba za mu faɗi sunanta ko garinsu ba. Ta haihu da kimanin mako 3 ta hau mota daga Dapaong zuwa Lome, jariri a cinya, ƙullin kaya a ƙarƙashin ƙafafunta, ba wurin miƙewa. Don gudun fitsari a hanya, ko ruwa ba ta yarda ta sha sosai ba. Bayan kwana huɗu da saukarta, sharaɓarta ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, taka ƙasa ya zama aiki. Matan gidan da ta sauka suka ce gajiyar hanya ce da sanyin jego, suka dinga gasa mata ƙafar da ruwan zafi suna yi mata tausa da man zafi. Don tausayi suka yi, ba wanda zai zarge su.

Ranar da ta zo ofis yin rajistar jaririn, jami'ar kariya ta lura tana haki daga ɗan takun da ta yi daga bakin ƙofa zuwa benci. Ta tambaye ta, muka fassara: "Yaya, tun yaushe numfashinki yake haka?" Ta ce tun daren jiya, kuma ƙirjinta yana sukarta idan ta ja iska. Nan take aka ajiye zancen takarda aka nemi mota. A asibiti hoto ya nuna jini ya daskare a babbar jijiyar ƙafarta, wani ɓangare kuma ya ɓalle ya tafi huhu. Ta kwana shida a gado, yanzu tana gida da jaririnta tana ci gaba da magani. Likitan ya ce mu gaya wa jama'armu cewa wasu ba sa samun wannan kwana ɗayan da ita ta samu.

Yadda jini yake dawowa daga ƙafa

Jijiyoyin jini iri biyu ne. Akwai masu ɗauke jini daga zuciya zuwa sassan jiki, akwai masu mayar da shi zuciya. Saukar jini zuwa ƙafa ba ta da wuya, domin zuciya tana tura shi, kuma gangara ce. Dawowar ita ce hawa. Abin da ke taimakon jini ya hau shi ne naman sharaɓa. Duk takun da mutum ya yi, naman yana matse jijiyoyin da ke cikinsa ya tura jinin sama, kamar yadda ake danna famfon burtsatse. A cikin jijiyoyin kuma akwai ƙananan ƙofofi masu aiki irin na bawul ɗin taya: suna barin jini ya wuce sama, su hana shi komawa ƙasa.

Idan mutum ya daɗe a zaune, gwiwa a lanƙwashe, famfon ya tsaya. Jinin sai ya taru a ƙafa yana tafiya a hankali. Duk wanda ya ga lambatun unguwar nan da damina ya san abin da ke faruwa da ruwan da ba ya gudu: datti yana kwantawa har hanya ta toshe. Jinin da ba ya gudu shi ma yana iya daskarewa ya zama guda.

Likitocin duniya suna danganta bayanin wannan cuta da wani likita ɗan ƙasar Jamus, Rudolf Virchow, wanda ya yi rubutu a kanta a 1856. Abubuwa uku ake koyar da ɗaliban likita da sunansa: jini ya rage gudu, ko bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Idan biyu ko uku suka haɗu a jikin mutum ɗaya, haɗarin ya ƙaru. Matar da muka ba da labarinta ta haɗa duka: haihuwa ta taɓa jijiyoyin ƙugunta, jinin mai jego yana da saurin daskarewa, ga zaman mota na yini guda. Ranar haihuwar Virchow, 13 ga Oktoba, ita ce aka ware tun 2014 don faɗakar da duniya kan wannan cuta.

A asibitocin Togo za ku ji likita ya ce "flebit", a takarda kuma ya rubuta haruffa uku, TVP. Idan gudan ya tafi huhu suna cewa "amboli". Ku riƙe waɗannan kalmomi, za su yi muku amfani.

Shin ba cutar Turawa ba ce?

An daɗe ana wannan zato, har a tsakanin likitoci. A 1972 wani likita mai suna Denis Burkitt, wanda ya yi shekaru yana aiki a Yuganda, ya rubuta cewa gudan jini da tashin jijiyoyin ƙafa ba su cika samun mutanen karkarar Afirka ba. Haka aka riƙa faɗa game da mutanen Asiya, irin su Sin da Japan da Koriya. Zancen yana da ɗan tushe. A 1994 masu bincike a birnin Leiden na ƙasar Holan sun gano wani gadon jini da ke sa saurin daskarewa, wanda ake samu a wajen mutum 5 cikin 100 na Turawa, amma da ƙyar ake ganin sa a 'yan Asiya ta gabas da baƙar fata. Sai dai kowace al'umma da irin nata gadon. A Japan an gano wani na dabam da ake kira da sunan garin Tokushima. Mu kuma muna da sikila, wadda ke ƙara haɗarin sosai, har mai ɗauke da rabinta, wato AS, nasa haɗarin ya ɗan fi na mai AA. Da na'urorin hoto suka yawaita a asibitocin Asiya, aka fara duba marasa lafiya bayan tiyatar gwiwa da ƙugu, sai aka ga cutar tana nan da yawa, rashin dubawa ne ya ɓoye ta. A Amurka kuwa ƙididdiga ta nuna baƙar fata sun fi fararen fata kamuwa. A ƙasashen da ake lissafi da kyau, mutum 1 zuwa 2 cikin 1,000 ne ke kamuwa kowace shekara, kuma adadin yana hawa da tsufa.

Darasi mafi kusa da halinmu daga Japan ya zo. A ranar 23 ga Oktoba 2004 girgizar ƙasa ta auka wa yankin Niigata. Dubban mutane suka bar gidajensu, da yawa suka koma kwana cikin ƙananan motocinsu, a zaune, dare bayan dare. Wasu da suka tsira daga girgizar sai gudan jini ya kashe su bayan 'yan kwanaki. Haka ta sake faruwa a Kumamoto a watan Afrilu 2016. Likitoci sun lura cewa mata da yawa suna ƙin shan ruwa saboda makewayi ya yi kaɗan, ko ya yi nisa, ko ba tsabta. Daga nan hukumomin Japan suka fara shiga matsugunan da na'urar hoto suna duba ƙafafu, suna raba safar matsi, suna sa mutane motsa jiki, suna kafa gadajen kwali don kowa ya samu wurin miƙewa.

Tun kafin Japan an ga irin wannan a Landan. A 1940, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai, mutane suna kwana a maɓoyar ƙarƙashin ƙasa a kan kujerun ninkewa, katakon kujerar yana danne bayan gwiwa har gari ya waye. Wani likita mai binciken gawa, Keith Simpson, ya ba da rahoton ƙaruwar mace-mace daga gudan jini a huhu a cikin masu kwana haka. Da aka sa gadaje, mace-macen suka ragu.

Abin da ya haɗa mutanen Niigata da na Landan da mu shi ne barin gida ba shiri, cunkoso, kwanan zaune da ƙarancin ruwa. Wanda ya taso daga Sinkase ya biyo ta Dapaong, Mango, Kara, Sokode da Atakpame zuwa Lome ya yi fiye da kilomita 600, ban da tafiyar da ya yi kafin ya iso iyaka. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon binciken da ya nuna cewa zaman awa 4 ko fiye a jirgi, mota ko jirgin ƙasa yana ninka haɗarin kusan sau biyu, kuma haɗarin ba ya ƙarewa ranar sauka, yana iya bin mutum har makonni. Ga mai ƙoshin lafiya abin bai kai na tsoro ba, wajen tafiya 1 ce cikin 6,000. Ga wanda yake da wani dalilin a jikinsa, lissafin ya canza.

Su wa ya kamata su fi lura

Mai ciki da mai jego. Ciki yana ninka haɗarin wajen sau 4 zuwa 5, kuma makonni 6 na farko bayan haihuwa sun fi kowane lokaci haɗari, wato kusan daidai da kwana arba'in ɗinmu. Wadda aka yi wa tiyatar haihuwa ta fi shiga ciki. A masu ciki ƙafar hagu ta fi kamuwa.

Wanda aka yi wa tiyata, ko ya karye aka ɗaure ƙafar, a asibiti ne ko wurin maɗori, da wanda jinya ta kwantar kwana uku ko fiye. Kaso mai yawa na masu wannan cuta suna samun ta ne a gadon asibiti ko cikin wata 3 bayan sallama.

Masu sikila, masu ciwon daji, masu tarin fuka, masu ɗauke da cutar ƙanjamau, da masu ciwon zuciya.

Mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa irin mai sinadarin istirojin, balle idan sun haura shekara 35 ko suna da ƙiba. Akwai wasu hanyoyin, kamar ashanar hannu da robar mahaifa, da ba su da wannan matsalar. Kada a daina ƙwaya haka kawai, a je wurin ungozoma a yi shawara.

Tsofaffi, masu ƙiba, masu shan taba, wanda ya taɓa yin cutar, da wanda iyayensa ko 'yan'uwansa na jini suka yi.

Direbobin manyan motoci da yaransu masu zirga-zirga tsakanin tashar jirgin ruwan Lome da Wagadugu ko Yamai, da masu shirin tafiya a jirgin sama, aikin Hajji ne ko sake tsugunarwa a wata ƙasa.

Alamomin da za a duba

A ƙafa: kumburi a ƙafa ɗaya, ciwo ko nauyi a sharaɓa ko cinya kamar jijiya ta ɗaure ta ƙi saki, wurin ya fi ɗaya ƙafar ɗumi, fatar ta yi sheƙi ko ta ƙara duhu. A littattafan Turawa ana cewa ƙafar tana yin ja. A fatarmu jan ba ya fitowa sosai, don haka kada a jira ganin sa. A ari tef ɗin tela, a auna kaurin sharaɓa biyu a wuri ɗaya, wajen santimita 10 ƙasa da gwiwa. Idan ɗaya ta fi ɗaya da santimita 3 ko fiye, a tafi asibiti a ranar. Ko bambancin bai kai haka ba, in akwai ciwo kuma mutum yana cikin waɗanda muka lissafa, a je.

A ƙirji: haki ko ɗaukewar numfashi farat ɗaya, suka a ƙirji idan an ja iska, bugun zuciya da sauri, tari da jini, jiri ko suma. Wannan alama ce gudan ya isa huhu, kuma yana iya kisa cikin awoyi ko ƙasa da haka. Wani ma ba ya ganin komai a ƙafarsa sai dai wannan. Ba a jiran gari ya waye, ba a jiran mai gida ya dawo. A ɗauki mutum a mota, kada a sa shi tafiyar ƙasa, kada a ɗora shi a zemijan in akwai wata hanya. Lambar 'yan kwana-kwana a Togo ita ce 118.

Ba kowane kumburi ne gudan jini ba. Idan ƙafafu biyu suka kumbura tare, an fi zargin zuciya, ƙoda, hanta ko ƙarancin jini. Mai ciki da ƙafafu da fuska suka kumbura, ga ciwon kai, tana iya zama hawan jinin ciki ne, shi ma na gaggawa ne. Ƙafa mai zafi da zazzaɓi da ƙaluluwa a matsematsi ta fi kama da ƙwayar cuta a fata. Tundurmi kuwa a hankali yake zuwa cikin shekaru, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2017 cewa Togo ta kawar da shi a matsayin matsalar lafiyar jama'a, ita ce ta farko a Afirka kudu da Sahara. Rarrabe waɗannan aikin likita ne.

Abin da ba za a yi ba

Kada a yi tausa, kada a murza, kada a ja ƙafar. Matsa jijiyar da ke da guda yana iya ɓalle shi. Kada a kai wa wanzami ya yi ƙaho ko tsaga. Jinin da ƙaho ke fitarwa na saman fata ne, gudan kuwa yana can cikin nama inda ƙaho ba ya kaiwa, ga raunin da za a bari wanda zai yi ta zubar da jini idan an fara maganin asibiti. Muna girmama wanzamanmu da unguwar zoma, mun kuma san sau da yawa su ake fara kira. Roƙonmu gare su, iyayenmu, shi ne idan kuka ga ƙafa ɗaya ta kumbura ba tare da faɗuwa ko targaɗe ba, ku ce a wuce asibiti. Maganarku ta fi tamu shiga kunnen mutane.

Kada kuma a sayi aspirin ko maganin ciwon jiki a tebur a ce ana tsinka jini. Ba ya maganin gudan da ya riga ya kafu, sai dai ya ɓata lokaci.

Abin da za a tarar a asibiti

Likita zai yi tambayoyi, ya auna ƙafa, ya tura a yi hoton da ake kira eko-Dopla. Na'ura ce irin wadda ake duba ciki da ita, ana shafa mai a ɗora a fata, ba allura ba zafi, kuma ba ta cutar da ɗan tayi. Wani lokaci ana gwajin jini, idan ana zargin huhu kuma a yi sikana. Manyan asibitocin koyarwa na Lome su ne CHU Sylvanus Olympio da ke Tokoin da CHU Campus. Waɗanda ke arewa suna da CHU Kara da babban asibitin yanki na Dapaong. Ƙaramin asibitin unguwa zai iya dubawa ya rubuta takardar turawa.

Maganin shi ne abin da muke kira mai tsinka jini. Aikinsa hana gudan girma da hana wani sabo fitowa, jiki kuma ya narkar da tsohon a hankali. Galibi ana farawa da allurar heparin a fatar ciki, wadda aka fi sani a farmasi da sunan Lovenox. Daga nan a koma ƙwaya. Akwai tsofaffin ƙwayoyi irin su Sintrom da warfarin, masu araha amma masu buƙatar gwajin jini da ake kira INR a kai a kai, wanda ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Akwai sababbi irin su Xarelto da ba sa buƙatar wannan gwajin, amma sun fi tsada. Mai ciki allura ake ci gaba da yi mata, domin ƙwayoyin suna iya cutar da ɗan da ke ciki. Mai shayarwa ta gaya wa likita tana shayarwa, akwai wanda ya dace da ita.

Mafi ƙarancin lokacin magani wata 3 ne, wasu wata 6, wasu har iya rayuwa. Nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe. Kumburi yana sauka cikin mako biyu, mutum ya ga ya warke, kuɗi kuma sun yi wuya, sai ya ajiye. Gudan yana nan bai gama narkewa ba, kuma yana iya dawowa. Idan kuɗin magani ya gagara, ku zo ku faɗa tun kafin ƙwayar ta ƙare, a duba abin da za a iya yi, ko likita ya sauya zuwa mai sauƙin kuɗi.

Wanda ke kan wannan magani ya kiyaye waɗannan. Ya sha a lokaci ɗaya kullum, in ya manta kada ya haɗa biyu. Ya guji aspirin, ibuprofen da diclofenac, in ciwo ya dame shi ya sha paracetamol daidai ƙa'ida. Ya guji jiƙo da sassaƙe sai da sanin likita. Ya faɗa wa duk ma'aikacin lafiya, da mai cire haƙori, cewa yana shan mai tsinka jini. Mai shan maganin tarin fuka ko na ƙanjamau ya faɗa, domin wasunsu suna rage ƙarfin maganin ko su ƙara shi. Mai shan Sintrom ko warfarin ya sani ganye irin su zogale, alayyahu, gboma da ademe suna rage ƙarfin ƙwayar idan aka ci da yawa farat ɗaya. Ba a ce a daina miyar ganye ba, a dai riƙa ci daidai yadda aka saba. Idan azumi ya zo, a tambayi likita yadda za a tsara lokacin sha. A koma asibiti da gaggawa idan aka ga haɓon da ya ƙi tsayawa, jini a fitsari, baƙin bayan gida kamar kwalta, aman jini, jinin al'ada da ya wuce kima, ciwon kai mai tsanani, ko an bugu a ka.

Tashin jijiyoyi da gyambon ƙafa

Akwai ɗaya ciwon jijiyar da ba ya kisa farat ɗaya amma yana hana neman abinci. Idan ƙofofin nan na cikin jijiya suka lalace, jini yana komawa ƙasa ya taru. Jijiyoyin saman fata sai su tashi su murɗe kamar igiya, ƙafa ta yi nauyi da yamma, idon sawu ya kumbura, fatar wurin ta yi baƙi ta yi tauri tana ƙaiƙayi. Daga baya ƙaramin ƙarzuwa ya zama gyambo a gefen idon sawu ta ciki, ya yi watanni bai rufe ba. An fi ganin haka a masu yini a tsaye ko a zaune wuri ɗaya: masu tuyar ƙosai da masu sayar da abinci, mahauta, masu gadi, masu kitso, da matan da suka yi haihuwa da yawa. Wanda ya taɓa yin gudan jini ma yana iya samun wannan daga baya, mutum 2 zuwa 5 cikin 10.

Abin da ke taimakawa shi ne tafiya a ƙasa kullum, ɗaga ƙafa sama da ƙirji na minti 15 zuwa 20 sau biyu ko uku a yini, shafa mai don kada fata ta tsage, da safar matsi ko bandeji da ma'aikacin lafiya ya auna ya ɗaura. Mai ciwon suga ko tsohon da ƙafarsa ke sanyi kada ya sa safar matsi sai an duba shi, domin idan jijiyoyin da ke kawo jini ne suka toshe, matsi zai ƙara lalata ƙafar. Gyambo a wanke shi da ruwa mai tsabta a rufe, kada a zuba toka, garin kafso ko man birki. Idan jijiyar da ta tashi ta fashe, a kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar sama, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a kai shi asibiti. Gyambon da ba ya zafi kuma yana ci ta ƙarƙashin fata yana iya zama gyambon Buruli, wanda ake samu a kudancin Togo, kuma akwai cibiyar kula da shi a asibitin Tsevie.

Rigakafin da ba ya cin ko dala

A mota, duk inda direba ya tsaya a sauka a taka, ko da ba a jin fitsari. A zaune, a riƙa ɗaga dunduniya a sauke, a ɗaga yatsu a sauke, a juya idon sawu, kamar mai taka keken ɗinki, sau 20 kowane rabin awa. Kada a cusa kaya inda ƙafa za ta miƙe. A sassauta ɗaurin zani da na wando. A sha ruwa. Kada a sha maganin barci don a rage tsawon hanya. A jirgin sama a tashi a zaga lokaci lokaci. Wanda ya taɓa yin cutar, ko mai ciki, ko wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, ya gaya wa likita kafin tafiya.

A gida, mun san ɗaki ɗaya yana ɗaukar mutum takwas ko goma, wasu kuma a tasha suke kwana a kan benci. Duk yadda za a yi, a samu kowa ya miƙe a tabarma, ko da kwanan karɓa-karɓa ne. Tsoho, mai ciki da mai jego su ne farkon samun wurin miƙewa. Idan nisan makewayi ko tsoron fita da dare ne ke hana mata shan ruwa, ku kawo mana maganar, domin ta shafi tsaro, kuma aikin ofishin kariya ne.

Mai jego ta huta, amma hutu ba kwanciya yini guda ba ne. Ta tashi ta zaga tsakar gida sau da yawa a rana tun daga ranar farko, in ungozoma ba ta hana ba. Mai jinya a gado a riƙa juya shi, a sa shi motsa ƙafafunsa, in ba ya iyawa a lanƙwasa masa a miƙe a hankali, muddin ƙafar ba ta riga ta kumbura ba. Wanda za a kwantar ko za a yi wa tiyata yana da damar ya tambayi likita: "Ina cikin haɗarin gudan jini? Akwai allurar rigakafi da ta kamace ni?" In Faransanci ya gagara, mu za mu faɗa.

Sanarwa daga ofis

Idan abin gaggawa ne, asibiti za a fara zuwa, daga baya a aiko a sanar da mu. Kada rashin takarda ko ƙarewar wa'adinta ya sa a zauna a gida da mai haki. In akwai katin gudun hijira ko takardar neman mafaka da hukumar CNAR ta bayar, a tafi da su, tare da katin awo da kwalayen duk magungunan da ake sha. Masu buƙatar tafinta na Hausa, Fulatanci ko Mosanci su faɗa a teburin karɓar baƙi, mace kuma tana iya neman mace ta raka ta. Abin da kuka faɗa game da lafiyarku sirri ne, kuma ciwo ba ya ɓata wa kowa takardunsa na mafaka. Duk hidimar ofishinmu kyauta ce. Wanda ya nemi kuɗi a hannunku da sunanmu, ku kawo ƙararsa.

Muna roƙon limamai, sarakunan Zongo, shugabannin mata da na tasha su isar da wannan saƙo a masallatai, wuraren suna da wurin lodi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mayar da kowa gida lafiya.